Dattijuwa da Zomanya

A ɗakin jira na wani asibitin dabbobi a Gaithersburg, wata dattijuwa tana zaune a kujerar lungu, atamfarta na leƙowa ta ƙasan ƙatuwar rigar sanyi da ta yi mata yawa. Bisa cinyarta akwai kejin roba, a ciki farar zomanya ta duƙunƙune, an aske mata ciki. Tana ɗiga mata ruwa a baki da sirinji, ruwan yana gangarowa kan yatsunta masu lalle.

"Sha mana, 'yar nan," take cewa, da Hausar Damagaram.

Ina gaishe ta sai ta riƙo mayafina. "Baiwar Allah, jiyo mini abin da likitar nan ke faɗi. Ɗiyata Mariama na wurin aiki, ba ta ɗaukar waya."

Likita ta ce tun da aka cire wa zomanyar mahaifa ta daina cin abinci, yanzu ƙodarta ta soma gazawa. Sai an kwantar da ita kwana uku ana ƙara mata ruwa. Na fassara mata.

"Ta jikanyata ce," in ji ta. "Da na zo dariya nake yi, wai zomo da likita."

Ina jin reno ne ya kawo ta ƙasar nan. Jika ta shiga makaranta, ita kuwa aka bar ta a bene, ba mota, ba Turanci, ba maƙwabciyar da za ta leƙa.

Ma'aikaciya ta miƙo hannu, amma dattijuwar ba ta saki kejin ba. Ni take kallo.

"Kwana uku? To ni da wa zan wuni?"