Karfatar Barewa a Saharar Doha

Mun tashi da asuba daga Ningi, ni da ƙanena da ya raka ni Kano in hau jirgi. Hanyar Birnin Kudu ta girgiza mu har hanjin cikinmu, a Wudil muka tsaya muka sha koko da ƙosai, ƙosan kuwa ya ƙanƙance kamar shi ma tsadar mai ta cinye shi. Babban ɗana zan je dubawa a Doha, inda yake tuƙa wani dattijon Balarabe. Maigidan nasa ne ya yi min takardun tafiya.

Ni maharbi ne, ɗan maharbi. A gidanmu, dabbar farko da ɗa ya harba, karfatar dama, wato ƙafar gaba har kafaɗa, ta ubansa ce. Na kai wa mahaifina tawa tun ban ajiye gemu ba. Ni kuwa har furfura ta cika min kai ban karɓi ta ɗana ba, domin ya bi ni daji yana yaro, amma da ya girma sai ya zaɓi sitiyari. Abokai a majalisa kan zolaye ni, wai an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma nawa ya hau mota ya bar garin. Ina dariya, amma abin yana cina. Kafin tafiyar nan wani maƙwabcina ya nemi in sayar masa da bindigar tokar da na gada, tunda babu mai karɓarta bayana. Na ce ya bari in dawo, kuma a zuciyata na riga na sallama.

Filin jirgin Hamad gari ne guda da aka rufe da kwano. Ina ta rarraba ido sai wani ma'aikaci ya dubi hulata ya ce, "Baba sannu da hanya, bi nan." Ashe ɗan Gusau ne. A waje ɗana ya tare ni, ya durƙusa ya gaishe ni a gaban jama'a, ya saka ni a mota mai sanyi kamar randa. Titunansu babu rami ko ɗaya, kuma babu mai tsallake danja, saboda na'ura na ɗaukar hoto. Ya ratsa da ni West Bay in ga benaye, na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Abin da na fi yabawa shi ne shayinsu mai kauri da suke kira karak, shi kaɗai na gani da araha a garin. Tumatir kuwa da na ji kuɗinsa, sai na ƙara ganin girman manoman garinmu.

Ranar Juma'a bayan masallaci maigidan ya gayyace mu gonarsa, can bayan Al Rayyan, inda gidaje suka ƙare sai tsakuwa da rairayi. An shimfiɗa mana shinkafa da naman rago a faranti ɗaya, aka bi da dabino da gahawa mai ɗaci a ɗan kofin da bai kai murfin kwalba ba. Duk sanda na shanye sai a ƙara, har cikina ya fara ƙugi, kafin ɗana ya raɗa min cewa girgiza kofin ake yi idan an ƙoshi.

Gonar fili ce mai faɗin gaske da aka kewaye da waya, maigidan yana kiwon barewa a ciki. Mazan sun yi yawa suna kashe juna, don haka yakan cire ɗaya a ci nama. Da ya ji ni maharbi ne sai hira ta yi daɗi, ɗana na fassara. Ƙanin maigidan da ya zauna a ƙasar Turawa ya ce can har da ƙaramar bindiga suke farautar irin waɗannan dabbobi. Aka kawo akwati, aka jera harsasai iri biyu a kan darduma. Ɗaya siriri, irin na bindigar 'yan sanda. Ɗaya kuma kakkaura kamar babban yatsa, na libarba mai dogon baki. Kowa ya yarda siririn ba na farauta ba ne, rauni kawai zai yi. Gardamar a kan kakkauran take. Ƙanin ya ce yana kayar da dabba ko daga nesa, dattijon ya ce bai gamsu ba. Ni dai na ce ban san wannan ƙarfen ba, amma na san ƙaramar bindiga ba ta da dogon numfashi.

Da la'asar sakaliya muka shiga motoci. Maigidan ya miƙo min libarbar don girmamawa, na ce idona ya yi rauni, kuma hannuna bai saba da ita ba. Sai ya juya ya ba ɗana, yana murmushi. Ashe duk lokacin da dattijon ya je filin koyon harbi tare suke shiga, kuma yaron bai taɓa faɗa min ba. Wani daɗi ya rufe ni.

Muka hango namijin da aka zaɓa a gindin wata ƙaya, da ɗan nisa. Ɗana ya sauka, ya ɗaga bindigar da hannu biyu, ya daɗe yana auna shi. Ƙanin maigidan yana ta cewa, "Yalla, yalla," wato maza-maza. Sai kawai yaron ya sauke hannu.

Na matsa kusa da shi na ce, "Harba mana, kada ka ba ni kunya a gaban baƙi."

Ya ce, "Baba, ya yi nisa. Zan same shi, amma harsashin zai isa da gajiya. Ya shige da shi a ciki ya je ya mutu mushe a wani lungu? Kai ka ce min wanda bai tabbata zai kayar ba, kada ya taɓa kunamar bindiga."

Maganar mahaifina ce, ni na faɗa wa yaron ita a dajin Burra yana riƙe min gora, kuma ban zaci ya adana ta ba. Ya juya ya yi wa maigidansa bayani da Larabci. Na tsorata, domin abincinsa yana hannun mutumin nan, ga baƙi suna kallo. Dattijon ya ɗaga wa ƙaninsa hannu ya ce, "Khalas," wato ya isa. Kowa ya kama bakinsa.

Ɗana ya cire takalmansa ya ajiye a kan mota. Ya ɗebi rairayi ya saki, ya ga inda iska ta nufa, ya zagaya ta ƙasanta. In barewar ta sunkuya cin ciyawa ya matsa, in ta ɗago ya daskare kamar kututture. Sak tafiyar kakansa, har yadda yake karkata kafaɗar hagu. Sai da ya kai kusan jifan dutse ya tsuguna, na ga leɓensa ya motsa da bismillah. Ƙara ɗaya muka ji. Harsashin ya shiga bayan kafaɗa, dabbar ta yi tsalle ta zube, ya ruga ya yanka ta da sauran rai.

Ana fiɗa ya nemi izinin maigidan, ya yanke karfatar dama da kansa. Ya zo gabana ya durƙusa, ya miƙo min da hannu biyu, ya ce, "Baba, ga taka. Ka yi haƙuri ta makara." Na karɓa na ce, "Allah ya yi maka albarka." Da aka fassara wa dattijon al'adar, ya sa aka gasa min ita ni kaɗai, ni kuma na yayyanka na raba wa kowa, har ƙanin nasa, wanda ya amince cewa harsashin nan na kusa ne. Na so in taho da kwanson harsashin, ɗana ya ce in dai ba so nake in kwana a hannun jami'an filin jirgi ba, in bar musu kayansu.

Na dawo gida lafiya, da dabino da turare da ƙafafu kumburarru saboda zaman jirgi. Tafiyar nan ta koya min cewa na daɗe ina neman gadon gidanmu a inda ba nan yake ba. Ina jiran in ga yaron da warki da layu, alhali haƙurin da tausayin dabbar suna tare da shi a cikin motar Balarabe. Ina alfahari da shi, kuma na faɗa a majalisa da babbar murya.

Washegari maƙwabcina ya yi sallama, ya same ni a zaure ina goge bindigar tokar da man gyaɗa. Ya ce, "Malam, ya maganarmu?"

Na rataye ta a ƙusarta, na ce, "Ka yi haƙuri, tana da mai ita. Yana Doha, zai dawo."