Furar Sallamar Almu Mai Faci

Almu taubashina ne. Mahaifinsa wan mahaifiyata ne, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba zagi ba ne, haƙƙina nake karɓa. A Barkiya ta ƙasar Kurfi aka haife shi. Yana ɗan shekara uku shan inna ya kama shi, ya bar shi da ƙafafu kamar sillen kara. Ba a jima ba mahaifiyarsa ta rasu, aka kawo shi ɗakin mahaifiyata, wadda yake kira Goggo. Tare muka tashi, kwano ɗaya, tabarma ɗaya, kuma tun a lokacin ya fi ni ci.

Tunda ba ya zuwa gona, sai rijiya ta zama aikinsa. Yakan zauna a bakin rijiyar bayan gari yana ja wa masu shanu guga tun hantsi har rana ta take. Mu masu ƙafa muna yi muna karɓar juna, shi ba mai karɓarsa, kuma bai taɓa nema ba. A nan kafaɗunsa suka buɗe. Kafin ya kai shekara goma sha biyar, babu yaron da ke yarda ya yi musabaha da shi sau biyu.

Da muka girma muka dawo Dutsin-Ma. Ni na buɗe shagon baƙin mai da kayan babur kusa da tasha, shi ya koyi faci ya kafa rumfarsa a jikin shagona. Ya auri Huseina 'yar Shema, suka haifi 'ya'ya uku, ya sayi babur mai ƙafa uku. Da a nan rayuwarsa ta tsaya, da babu wanda zai ce ya yi asara.

Wata ranar kasuwa wani malamin motsa jiki na makarantar sakandare, Malam Badamasi, ya turo babur ɗinsa da ya yi faci. Yana jira ya ga Almu, daga zaune, ya rungumo tayar babbar mota da ƙarfenta ya juya ta kamar mai juya waina. Malam Badamasi ya manta da babur ɗin. Ya ce, "Malam, ko ka san akwai wasan da ake ba mutum lambar yabo saboda wanga abu da kake yi kyauta?"

Almu ya ɗauka ba'a ce. Ya ce, "To a ba ni lambar, amma a fara biyana kuɗin faci."

Wasan shi ne ɗaga ƙarfe na masu lalurar ƙafa. Mutum zai kwanta rigingine a kan benci, a ɗaure masa ƙafafu, a miƙa masa sandar ƙarfe mai faya-fayai a gefe biyu. Zai sauke ta a ƙirjinsa, ya tsayar da ita cak, sannan ya tura ta sama hannu biyu daidai, kada wani ya riga wani. Alƙalai uku ke kallo, kowa da fitilarsa. Fara ta nuna ka ci, ja ta nuna ka faɗi, kuma sau uku ake ba kowa dama. Sai kuma abin da mu 'yan kallo ba mu ɗauka da muhimmanci ba: ana raba 'yan wasa aji-aji bisa nauyin jikinsu. Ajin Almu na waɗanda ba su wuce kilo hamsin da tara ba ne. Idan aka ɗora ka a sikeli ka wuce ko da cokali ɗaya, ko bencin ba za ka taɓa ba.

A bayan rumfar faci suka fara. Mai walda ya haɗa musu benci, aka ciro sanda daga wani mushen mota, aka samo faya-fayan ƙarfe na tsofaffin injinan niƙa. Kullum bayan sallar asuba sai ka ji nishinsa da ƙarar ƙarfe, kafin a buɗe shaguna an gama, ya wanke hannu ya koma kan tayoyin mutane. Ni aikina tsayawa a kansa in kama sandar idan ta gagare shi, da gaya masa cewa jakin gidanmu ya fi shi. Shekara shida ana haka. Ya je gasar jiha ya ci, ya je ta ƙasa ya zo na biyu, sai ga kira zuwa sansanin horo a Legas. Za a je gasar ƙasashe a wata ƙasar Larabawa ta arewacin Afirka, kuma yana cikin masu tafiya.

A sansani yana ɗaga kilo ɗari da saba'in da biyar ba tare da jijiyar wuyansa ta tashi ba. Kocin ƙasa bai ɓoye masa komai ba. Ya ce masa shekarunsa talatin da biyar, ga samari a bayansa suna jiran wurin. Idan ya dawo da lamba, ko ta tagulla ce, zai ci gaba da zama a tawaga. Idan bai dawo da ita ba, sai a gwada wani.

Duk wannan lokaci nauyinsa yana kan iyaka, ba sama ba ƙasa. Dafaffen ƙwai, kifi, ganye, shinkafa ɗan tafin hannu. Mutumin da ya saba tashi da malmala uku. Idan ya kira ni a waya ba ya tambayar iyalina, sai ya tambaye ni me muka ci.

Ana saura kwanaki a tashi, ya roƙi a bar shi ya zo gida ya yi sallama. Kocin bai so ba, amma Almu ya kafe. Wanda bai san mu ba zai ce ai waya ta isa. A wurinmu mutum ba ya ƙetare ruwa bai durƙusa gaban manyansa ya nemi gafara da addu'a ba, domin ba a san abin da hanya za ta haifar ba. Idan ka je gida ɗaya ka tsallake ɗaya kuwa, ka sayi maganar da za ta kai jikokinka. An ce zumunta a ƙafa take, to shi Almu a kan taya uku yake yin tasa, kuma ba ya tsallake ƙofa.

Malam Badamasi ya tare mu kafin mu fita. Ya ce, "Almu, ka gaida kowa, ka karɓi addu'a, amma don Allah bakinka alaikum." Ya juyo wurina ya ce, "Atiku, na ba ka amanarshi."

Na riƙe amanar iya ƙarfina. A Kuki, gidan ƙanen babansa, aka kawo ƙwaryar fura aka ba mu wuri, na shanye rabona da nasa, muka mayar da ƙwarya a wanke. A Shema kunyar surukai ta cece shi, ba wanda ya sa ran zai ci a gabansu. Sai dai ko da muka dawo gida kwanon dambu da soyayyun zabi sun riga mu isowa, kuma Huseina ta ce ba za ta aika wa uwarta cewa mijinta bai taɓa ba. Ya taɓa. A Kurfi muka je wurin malamin da ya koya masa karatu, dattijo ne har ba ya gani sosai. Ya yi masa doguwar addu'a, sannan ya kurɓi furarsa ya miƙa masa sauran da hannunsa. Ku gaya mini wanda zai mayar da sauran malaminsa. A nan ni ba ni da ta yi, sai kallon rufin zaure.

Duk da haka da an tsira, ba don Barkiya ba. Mun isa bayan la'asar, kuma hanyar ba a bin ta idan rana ta yi sanyi, don haka kwana ya kama mu. Washegari ruwan sama ya cika rafin da ke kan hanya, muka ƙara kwana. Mahaifiyata ta dube shi tun daga ƙofar ɗaki ta riƙe haɓa.

"Wa ya yi maka haka? Dubi wuyanka."

"Goggo, da gangan ne. Akwai sikeli, in na wuce ba su barina in yi wasan."

"Mutum zai tahi ɗaukar ƙarhe a ce kar shi ci? Jaki ma in za a yi mashi lodi sai an ba shi dusa."

Na sa baki na yi mata bayanin aji da kilo. Ta ce in rufe mata baki, ni da ko buhun gero ba na iya ɗagawa. Ta sa aka yanka zakara. Ta dama fura da kindirmo mai kauri wanda ludayi ke tsayawa a ciki, ta yi tuwon dawa ta kwarara man shanu, ta jawo kujera ta zauna a gabansa. Ya ɗan kurɓa ya ajiye. Ta ce a hankali, "Ko ka fara ƙyamar hannuna ne, tun ba ka hau jirgin ba?"

Wannan matar ita ta goya shi zuwa makarantar allo har ya kai shekara bakwai, ƙafafunsa suna reto a gefenta, mata suna ce mata ta sauke shi ya koyi rarrafe. Almu ya dube ni, na dube shi. Ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu. Haka aka yi safe, rana da dare, har rafi ya janye. Na ji haushinta, na ji haushinsa, kuma na san ko ni ne a wurinsa da na sha.

Da muka koma Dutsin-Ma, Malam Badamasi ya ɗora shi a sikeli. Sittin da biyu da ɗoriya. Bai yi faɗa ba. Ya cire hularsa ya zauna a kan wata taya.

Sauran labarin a waya muka riƙa jinsa. A Legas kocin ƙasa ya kusa mayar da shi gida, amma an riga an shigar da sunansa a ajin, ba halin canji. Sai aka shiga sauke abin da Barkiya ta ɗora. Ya riƙa wuni ba ci ba sha kamar mai azumi, sai dai shan ruwan ma da ƙyar ake barinsa ya jiƙa maƙogwaro. Aka naɗe shi da leda aka sa shi a rana. Ya yi ta tofar da yawu a gora har a cikin jirgi. Ranar awo ya aske kansa da gemunsa, ya hau sikeli daga shi sai gajeren wando. Ya tsallake da ƙyar, muka yi hamdala, muna zaton an gama. Ashe da sauran rina a kaba. Naman ya tafi, ƙarfin ma ya bi shi.

Ranar gasa muka taru a rumfar faci, direbobi da 'yan acaɓa da masu shayi, muka jingina waya a jikin jarka. Hoton yana yi yana tsayawa. Aka turo shi a keke, ya hau benci, aka ɗaure ƙafafun. Fuskarsa ta zurma har sai da wani direba ya ce ba shi ba ne. Ɗagawar farko ɗari da sittin, ta tafi, fitilu uku farare, rumfa ta kaure da kabbara. Wanda ke gabansa a neman na uku ya ɗaga ɗari da sittin da shida, don haka Almu ya nemi a sa masa da bakwai. Wannan nauyi ne da yake ɗagawa a bayan shagona muna hira. Ya sauke, ya tsayar, ya tura, hannun hagu ya makara, fitila biyu suka yi ja. A ta uku sandar ta taso rabin hanya ta tsaya. Muna kallonta tana rawa, muna ihu kamar zai ji mu, har masu tsayawa a kansa suka sa hannu suka karɓe ta. Ya zo na huɗu. Na shiga shago na juya baya na yi kukana, ba na jin kunyar faɗa.

Ya dawo aka tarbe shi a tasha da ganga, domin a wurin mutanen gari wanda ya hau jirgi da sunan ƙasa ya gama cin nasara. Bayan mako ɗaya ya koma faci. Da aka sake buɗe sansani ba a kira shi ba, kuma har yau ba a kira ba. Yana nan yana ɗaga ƙarfensa da asuba, Malam Badamasi ya haɗa shi da wasu matasa biyu masu irin lalurarsa yana koya musu.

Da muka je Barkiya gaisuwar dawowa, mahaifiyata ta gan shi ba gashi ba gemu, ƙasusuwan kumatu a waje, sai ta fashe da kuka. Ta ce ai ta sani, ta faɗa. Sun kai mata yaro ƙasar mutane sun hana shi abinci, sannan sun ce ya ɗauki ƙarfe. Da sun bar shi kamar yadda ya bar ɗakinta, da babu Balaraben da zai iya da shi.

Raina ya ɓaci. Shekara shida na asubanci suka faɗo mini a rai. Na ce, "Iya, ai ba haka aka yi ba. Abin da ya faru shi ne..."

Almu yana zaune a ƙasa kusa da ni. Ya miƙo hannu ta ƙarƙashin rigata ya damƙe mini idon sawu, har na ji ƙashin yana neman tsagewa. Fuskarsa ko gezau, yana kallon ta.

Ya ce, "Haka ne, Goggo. Abincinsu ba daɗi."

Na yi kwana biyu ina ɗingishi. Har yau a Barkiya labarin shi ne yunwa aka bar Almu da ita a ƙasar waje, kuma idan aka tambaye ni a can, ni ma haka nake cewa.