Saƙon Kuka da Daddawa

Wata rana Suwaiba, ƙanwar ƙawata, 'yar Gusau, ta goya jakarta ta ce za ta zaga Amurka ita kaɗai.

Karatu ne ya kai ta can, zango ɗaya ya rage ta gama digiri na biyu. Da aka yi hutu ta ga kuɗin jirgi ya fi ƙarfinta, ta ce ai bas ma tana kai mutum.

Gari-gari take bi. Ta kwana a ɗakin haya mai gado sama da ƙasa, ta ci burodi da man gyaɗa, ta ɗora mana hotuna muna ta zuba "Ma sha Allah".

Ranar da abin ya faru tana tashar bas a Chicago da hantsi, za ta Memphis. Ta gama waya da mahaifiyarta ke nan sai ta ji an yi mata sallama da Hausa a bayanta.

Wata dattijuwa ce, da hijabi da carbi.

Jama'a, wanda bai taɓa zama a ƙasar da ba a jin yarensa ba, ba zai gane ba. Ka ji Hausa a bakin wani, sai ka ji kamar an buɗe maka ƙofar gidanku. Nan take Suwaiba ta rusuna ta gaishe ta.

Hira ta yi daɗi. Can sai matar ta ce wai 'yarta na Memphis, tana da ciki, kwaɗayin miyar kuka ya dame ta. Ta miƙo wata leda ɗaure tamau, tana ƙanshin daddawa. Ta ce 'yar za ta tare ta a tasha.

To ku faɗa min, a cikinmu wa bai taɓa ɗaukar saƙo ba? Da shi muka tashi. Kuma wa zai dubi idon babba ya ce a'a?

Ta karɓa da hannu biyu. Har lambar wayarta ta bayar.

Bas na shirin tashi wani mutum ya shigo, ba jaka, ba komai. Ga kujeru birjik, amma sai ya zauna a bayanta.

Ya kafa mata ido.

Da aka tsaya shan mai ta tashi za ta banɗaki, ta bar ledar a kujera. Ba ta kai ƙofa ba wayarta ta yi ƙara. Muryar dattijuwar ce, amma babu "'yata" a ciki, babu dariya. Cewa kawai ta yi kada ta kuskura ta sake barin saƙon nan shi kaɗai.

Ƙit, aka kashe.

Matar da aka baro a Chicago, ya aka yi ta sani?

Suwaiba ta so ta gaya wa direba, ta so ta jefa ledar a shara, amma idon mutumin nan na kanta. Haka ta koma ta rungume abin da ba ta san ko mene ne ba, tana ta Hasbunallahu.

A tashar Memphis ba mai ciki, ba mai tarba. 'Yan sanda ne da kare.

Mutumin ya wuce ta gabansu hannu a aljihu. Karen kuwa gabanta ya zo ya zauna.

Da aka kwance ledar, kuka da daddawa a sama, ƙwayoyi a ƙasa.

Ɗan sandan ya ce, "Wa ya ba ki wannan?"

"Wata Hajiya ce, a Chicago."

"Sunanta?"

Suwaiba ta ce, "Ban tambaya ba. Ai ta haife ni."

Wallahi duk lokacin da na tuna wannan amsa sai raina ya ɓaci. Tarbiyyar da aka yi mata ce aka ɗaure ta da ita.

Lambar dattijuwar a kashe take har yau. Suwaiba na tsare tana jiran shari'a, karatu ya tsaya. Mahaifiyarta kuma ta riga ta ɗinka kayan walimar kammala digiri, ƙawar tawa, yayar Suwaiba, ta rasa bakin da za ta gaya mata.

Darasi: Jin Hausa a bakin mutum ba shaidar halinsa ba ce. A tafiya, ka gaida babba, ka girmama shi, amma kada ka ɗauki abin da ba kai ka ɗaure ba.

Kana da ɗa, ƙanwa ko aboki a waje? Tura masa wannan yanzu, kafin ya sayi tikiti na gaba.