Fayil ɗin da Ya Ƙi Zuwa Isa

Nasiruddeen ɗan kawuna ne, wato taubashina, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa babu inda zai kai ƙarata. A Unguwar Lalle aka haife shi, shekara ɗaya da ni, kuma tun muna yara ba ya son abin da zai ɓata masa riga. In aka tura mu noma, shi ne mai tsayawa a kunyar farko yana yi mana bayanin yadda ya kamata a riƙe hauya. Da ya gama sakandare kawu ya tura shi Sakkwato ya yi difloma ta kwamfuta. Ya dawo da laftof, da takalmi mai tsini, da katin shaida rataye a wuya da shuɗiyar igiya, wanda ko masallaci za shi ba ya cirewa. Mutane suka fara ce masa Injiniya don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu biyu, har ya sa aka rubuta a ƙofar ɗakinsa.

Ni Abdulrazak, babur nake ja. Ina ɗaukar kaya da mutane tsakanin Sabon Birni da Isa, in hanya na da lafiya kullum, in ba ta da lafiya sai ranar da aka taru aka bi ayari. Tsohuwata, wadda kowa ke kira Inno, tana Tsamaye, kuma ita ke noma gonar da mahaifinmu ya bari.

Shekarar da nake magana, wata ƙungiya mai taimakon manoma ta buɗe ofis biyu. Ba za ni faɗi sunanta ba, don ba ita ta yi mana ba. Babban ofishin yana Isa, can sito yake, can aka jibge buhunan irin gero mai saurin nuna. Ƙaramin yana Sabon Birni, ɗaki ɗaya da tebur ɗaya, kuma Nasiru aka ɗauka jami'in kwamfuta. Ƙa'idarsu mai sauƙi ce. Duk mai son iri sai an rubuta sunansa, an ɗauki hotonsa tsaye a gonarsa riƙe da allo mai lamba, an ɗauki tambarin yatsansa, sannan a tura duka Isa wurin wata ma'aikaciya mai suna Zulaiha kafin ƙarfe huɗu na ranar Alhamis ɗin da aka sa. Wanda bayanansa ba su je ba, babu shi a rabo.

In za a faɗi gaskiya, aikin ɗaukar hoton ya yi shi. Kwana goma ya yi yana yawo ƙauye ƙauye da wata kyamara ta aro mai dogon baki, wadda a hotonta guda ake iya ƙirga gashin gemun mutum. A Tsamaye ya sami Inno tana duba damman irin da ta rataye a rumbu tun kaka, ya kwashe da dariya.

"Gwaggo, ki bar wahala da wanga tsohon iri," in ji shi. "Bana na zamani za ki shuka. Ni da hannuna na sa sunanki."

Lokacin bazara ce, rumbu ya yi ƙasa, ga jikoki biyar a gidan. Tunda ɗan ɗan'uwanta mai kati a wuya ya ce iri na nan tafe, Inno ta sauke damman nan ta sussuke, aka yi ta fura da su. Ban san an yi haka ba sai daga baya.

Nasiru ya dawo ofis ya haɗa komai wuri guda: sunaye, hotunan mutum ɗari shida da wani abu, tamburan yatsu, da abin da ya kira gabatarwa. Ya ɗaure su a fayil ɗaya, ya danna tura. Wanda ya san sabis ɗin Sabon Birni ya san sauran. Yakan leƙo da hantsi, ya yi ɗan zama, ya fita ba sallama. Wani koren layi yana jan ciki a fuskar laftof, ya kai kashi goma sha biyu cikin ɗari, ya kai ashirin, sai sabis ya ɗauke. In ya dawo, abin ba ya ɗorawa daga inda ya tsaya, sai ya koma farko. Ranar Asabar haka, Lahadi haka. Nasiru ya matsar da tebur bakin taga, ya fitar da shi tsakar gida, ya ɗaura waya a kan gora ya jingina da katanga.

Zulaiha ta kira shi ranar Litinin, ina wurin. Ta ce masa ya gutsuttsura fayil ɗin, kowace mazaɓa da nata, ya rage nauyin hotunan, ya riƙa turawa ɗaya bayan ɗaya, in sabis ya yanke ɗan abin da ya tafi ya riga ya tafi. Ya saurare ta yana kallon rufin ɗaki. Da ta gama ya gaya mata cewa a bitar da ya halarta an koya musu rahoto cikakke yake tafiya, ba a tura shi gutsu-gutsu kamar naman layya, kuma shi ba zai lalata hotunan da ya sha rana ya ɗauka ba.

Na nuna masa filash ɗin da ke kan tebur, ɗan abin nan da ake zuba fayil a ciki, na ce, "Sa abin ga cikin filash ka ba ni in jefa aljihu. Kahin azahar yana hannun Zulaiha."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗan kabu-kabu, mi ka sani? In manya sun tambaye ni yadda bayanan sunka tahi, in ce bisa babur? Da satifiket ɗina?"

Babur ɗin da ya raina kuwa, shi ya hau ranar Talata. Ya ji labarin cewa wajen Burkusuma akwai wata jigawa da ake kama sabis ɗin Nijar, ya samo layin can wurin wani ɗan kasuwa, ya ce in kai shi. Tafiyar da muka yi zuwa da dawowa, da Isa muka nufa da tuni mun sha ruwa a can, amma na ja muka tafi. Mun tarar da mutane a kan jigawar, kowa ya ɗaga waya sama yana juyi a hankali. Nasiru ya haɗa laftof da wayarsa, ya ba ni wayar ya ce in ɗaga, kada in motsa, kada in yi tari. Abin mamaki, koren layin nan ya kama gudu. Hamsin, saba'in, tamanin da biyar. Kafaɗata ta mutu, na canja hannu, ya daka mini tsawa. Ya kai casa'in da bakwai, sai wayar ta yi ƙara a hannuna, kira ya shigo ta ɗaya layin nasa. Shugaban ofishinsu ne.

Na ce masa ya bari ya katse. Ya ce ba a ƙin ɗaukar wayar babba. Ya karɓa, ya ɗan rusuna a kan yashi kamar mutumin na gabansa, aka shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya zafi, ya jikin kawu, ya muka ji da hanya. Sai da suka gaishe da kowa har mutanen Unguwar Lalle, sannan shugaban ya faɗi abin da ya kira dominsa, wai yana so ya ji ko fayil ya tafi. Nasiru ya waiwayi laftof. Kiran ya yanke datar, koren layin ya koma sifili, batirin ma saura ɗan jan ɗigo. Ya ce wa shugaban yana kan hanya, ranka ya daɗe.

Ranar Alhamis da safe ayari zai tashi zuwa Isa, na biya ta ofis na sake miƙa masa hannu ya ba ni filash. Ya ce ba buƙata, ya yi nazari ya gano wata sabuwar dabara, zai raba fayil ɗin kashi shida. Dabarar Zulaiha ce ta Litinin, amma ban tuna masa ba. A nan nake jin haushin kaina har gobe. Filash ɗin yana kan tebur kusa da hannuna. Da na matsa masa, da na yi masa rashin kunya irin ta taubasai, da ya zuba mini ko don in rabu da shi. Sai na yi fushi, na buga babur na tafi.

Na sauke kayana a Isa, wajen ƙarfe uku na shiga ofishin. Ta ƙofar baya ina hango buhunan iri jere har rufi. Na sami Abdulgani, jami'in wani yanki, yana shan ruwa, shi tun safe ya kawo nasa a filash, ya naɗe a leda ya cusa cikin hula. Zulaiha ta ɗaga kai ta tambaye ni me na kawo, na ce ba a ba ni komai ba. Ta ce kashi ɗaya ya shigo da hantsi, tun daga nan shiru, wayar Nasiru ma ba ta shiga.

Ta buɗe abin da ya zo. Ashe da ya raba shida, bi da bi ya jera su, don a wurinsa takarda ba ta farawa daga tsakiya, kuma na ɗaya shi ne gabatarwa. Bidiyo ne na minti goma sha huɗu, ya fi duk sauran kason nauyi. Ga Injiniya tsaye a gona da laktaye, kati na lilo a ƙirji, yana bayani da Hausa yana maimaitawa da Turanci cewa zamanin ɗaukar takarda a hannu ya wuce a ƙasar Gobir. Duk sabis ɗin da Allah ya aiko Sabon Birni a ranar, fuskarsa ta cinye shi.

Abdulgani ya yi dariya har ruwa ya sarƙe shi. Ni ban yi ba, don na gane gonar. Can bayan kafaɗar Nasiru, dishi-dishi, ga wata tsohuwa tsaye cikin rana riƙe da allo, tana jira ya gama magana ya ɗauke ta hoto.

Na ɗora yatsa a kan gilashin. "Malama, wagga uwata ta. Ga ta nan, ga gonarta, ga allonta. Ai ta zo."

Zulaiha ta matso da hoton iya yinta, amma lambar ba ta karantu ba. Ta ce in yi haƙuri, ba suna, ba yatsa, na'ura ba za ta karɓa ba, kuma na ga ranta bai so ba. Ƙarfe huɗu aka rufe. Kason Sabon Birni aka ƙara wa waɗanda bayanansu suka cika.

Kwana tara bayan haka ruwan shuka ya sauka. Nasiru ya je Tsamaye gaida Inno, ya durƙusa a ƙofar ɗaki yana ta zayyana laifin sabis. Ta bar shi har ya gaji.

"An ce an gan ka Isa cikin na'ura, ka yi kyau," in ji ta. Ta miƙa masa ƙwarya. "Ungo. Bi gida gida ka ce Inno na roƙon iri. Kada ka tsaya sai an cika ma. Wanda duk ya ba ka ko cikin hannu ne, amshi ka wuce gaba."

Ya tafi, da takalminsa mai tsini cikin laka. Ya tarar mafi yawan gidaje sun shuke nasu, wasu kuma irin alƙawarin da ya yi wa Inno ya yi musu. Da la'asar ya dawo, ƙwaryar ba ta wuce rabi ba.

Yana nan a ofishin har yanzu, an ma ƙara masa kujera mai juyawa. Bidiyon ya yi farin jini, na ji ana nuna shi a wurin bita, kuma ya samo sabon satifiket da shi. Duk wanda ya kalla, in ya kai minti na tara ya dubi bayan kafaɗarsa ta hagu. Inno ce, kuma daga inda take tsaye zuwa bakin itacen gawon da ke ƙarshen gonar, ko ƙwaya ɗaya ba a shuka ba a shekarar.