Raƙiya, Kumburin da Muka Kira Ƙiba

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Lahadi, sha ɗaya ga watan Mayu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran taubashiyata Raƙiya, matar Malam Hashimu na Affala, a asibiti a Tawa, wata huɗu bayan ta haifi Tijjani. Likita ta ce zuciyarta ce ta kasa tura jini.

Raƙiya, ba rashinki kaɗai ne ya sa nake rubutun nan ba. Ƙanwarki Azumi ta shiga watan haihuwa, kuma abin da aka yi miki shi ake shirya mata.

Makiyayan da ke kora dabbobi kasuwar Tawa sun san randarki ta ƙofar gida. Ko rijiya ta ja baya, ba su taɓa tarar da ita a bushe ba. Shekarar da ciwo ya kwantar da ni, ke kika sussuke hatsina kaf, kika dawo kina min tsiya, wai ba ki taɓa ganin baiwar da uwargijiyarta ke yi wa aiki ba sai ni.

Da kika haihu, Gwaggo Haula, ƙanwar babanku, ta riƙe jegon yadda ta saba: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, kunun kanwa ƙwarya guda. Arba'in ta wuce ba ta bari ba, wai sanyi bai gama fita ba. Ƙafafunki suka cika, fuska ta cika, muka ce jego ya karɓe ki. Ni ce ma na fi kowa baki. "Kai, Malam Hashimu ya iya kiwo!" Kika yi dariya, dariyar ta koma tari. Wallahi maganar nan tawa har yau tana cina.

Kika daina kwanciya a miƙe, sai a jingine da buhu. Daga ɗaki zuwa murhu sai kin tsaya kin huta. Aka ce sanyi ne, aka ƙara kanwa. Ranar da muka kai ki asibiti, likita ta danna ƙaurinki da yatsa, wurin ya loɓa bai taso ba. Ta ce ruwa ne, ba ƙiba ba: kanwa da gishiri na tara ruwa a jiki, zuciyar da ta yi rauni kuwa ba ta iya ɗaukarsa. Da an zo da wuri, akwai maganin da ke rage shi. Kwana uku kika yi.

Ranar sadakar bakwai na faɗa wa Gwaggo haka a gaban mata. Ta ce, "Ke Rahamatu, mi kika sani? Matan gidanga duka ni na yi musu jego. Kwana ne ya ƙare." Kwana ya ƙare, ban musa ba, kuma ta fi mu kukanki. Amma jiya na ga itace jibge a bayan ɗakin Azumi, ga kanwa a ƙwarya an rufe da faifai. Gobe zan kwashe kayana in tare a ɗakin, ko Gwaggo za ta daina amsa gaisuwata.

Allah ya jiƙanki, Raƙiya, ya yafe miki, ya haskaka makwancinki, ya shayar da ke yadda kika shayar da bayinsa. Ina miƙa ta'aziyya ga Malam Hashimu, da Gwaggo Haula, da dangi na Affala da Kalfu. Allah ya raya Tijjani, ya sauki Azumi lafiya. Ya Allah, na rubuta ta'aziyya ta ɗaya, kada ka sa in rubuta ta biyu.