Shaidar Tumbi

Jiya a kasuwar Goronyo wani ƙanen matata ya dubi tumbina yana murmushi.

"Ma sha Allah, Mallam! Jiki ya yi kyau. Ashe ka dangana da rashin Nasiru."

Na ce, "Ƙwarai kuwa. Tunda tumbi ya ba da shaida, mi ya rage?"

Ban gaya masa ciwon suga ya cinye naman damatsana da cinyoyina ba. Ranar jana'izar ɗana Nasiru na kama makara, taku uku hannuna ya saki, maƙwabci ya karɓa. Wannan ɗaukar ba a maimaita ta.

Masana lafiyar dattawa da ido, ku ilimantar da ni: a wace makaranta kuka yi karatu?