Sabon Birkin da Baba Ya Ƙi Sawa

Ban taɓa ganin mutum mai taurin kai a kan ƙarfe irin mahaifina ba, Allah na gani. Yana da wani tsohon mashin ɗan Japan wanda ya girme ni. An ce ja ne a da, amma ni na taso na same shi da launin ganyen shayin da aka riga aka dafa. Duk unguwarmu ta Limawa babu wanda bai san ƙararsa ba. Tun kafin ya shawo kwanar gidanmu yaran unguwa sun fara cewa ga Baba nan. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake zuwa dubiya da jana'iza. Bai taɓa yarda wani ya goya shi ba, ko shiga Keke ba ya yi, wai shi ba buhun masara ba ne da za a ɗauke shi a ajiye.

Ni ban ƙi mashin ɗin ba. Abin da ya hana ni sakat kayan gyaransa ne. Tun da Baba ya ji raɗe-raɗin cewa za a daina shigo da irinsa, ya shiga saye yana tarawa. Fulogi, sarƙa, wayar kuloci, fistin, robobin inji, takalman birki, duk sababbi gar, na asali. Akwai wani ɗan ɗaki a gefen zaurenmu da Inna ta so ta riƙa ajiye hatsi, Baba ya ƙwace shi ya sa kwaɗo. Ciki kuwa gwangwanayen madara ne da bokitan fenti jere a bango, kowanne cike da baƙin mai, kayan suna nutse a ciki. Baba aikin layin dogo ya yi har ya ajiye, kuma abu ɗaya ya fito da shi daga can: duk ƙarfen da ba a jiƙa da mai ba, tsatsa ta gama da shi. Saboda haka yana dawowa da abu sai ya yage kwalinsa, ya tsoma shi a mai, ya rufe da murfi, ya ɗora dutse. In zafin Minna ya tsananta, warin ɗakin nan har cikin tuwonmu muke jinsa. Inna ta yi mita har ta gaji.

Akwai shekarar da ya ji an yi rasuwa a Kagara, wani tsoho mai irin mashin ɗinsa. Ba su haɗa komai ba, sau ɗaya suka taɓa gaisawa a gidan mai. Baba ya sa babbar riga ya ce zai tafi ta'aziyya. Ya dawo da yamma da tankin mai da ƙafar baya ɗaure a bayan mashin. Inna ta dube shi ta ce, "Malam, addu'ar ka fara yi ko cinikin?" Ya ce ai duk ya haɗa.

To, duk wannan da sauƙi da a ce yana amfani da kayan. Ba ya yi. Abu ya lalace a jikin mashin, sabonsa na kwance a ɗaki, amma sai dai a liƙe tsohon, a ɗaure da waya, a yi masa walda, a sa masa ƙyallen tiyub. Na sha cewa, "Baba, ba ga sabuwar sarƙa can a bokiti ba?" Sai ya dube ni kamar na ce a yanka saniyar tatsa, ya ce, "In na sa ta, wacce zan ajiye?" Nakan ce to don me aka saye ta? Ya ce don ranar buƙata. Na ce yau fa, da muke tura mashin daga bakin kasuwa har gida, ranar mece ce? Ya ce ranar ƙaramar buƙata ce. Wallahi akwai lokacin da na bar masa mashin ɗin a tsakiyar titi na yi tafiyata, don in na tsaya zan faɗi abin da bai kamata ɗa ya faɗa wa ubansa ba.

Mai yi masa wannan liƙe-liƙen wani bakanike ne a unguwar Kpakungu, dattijo, mutumin kudancin Kaduna, Kirista. Sun daɗe tare, har sun zama abokan tsokanar juna. Baba yana ce masa Oga, shi kuma yana ce wa Baba Malam. Hausarsa irin ta mutanen can ce, komai namiji ne a bakinsa. Yakan ɗaga sarƙar da yatsa ya ce, "Malam, wannan sarka ya mutu, a bar shi ya huta." Baba ya ce, "Liƙa dai." Oga ya san akwai kaya a gida, amma bai taɓa ganinsu ba, don Baba ya ce in ya gani zai fara roƙo.

Ana nan birki ya fara gardama. Takalmin birki wasu ƙarafa ne biyu masu lanƙwasa a cikin ƙafar mashin, da fata manne a bayansu, ita ce ke kama ƙafar in an taka. Na Baba an sake musu fata ba adadi, har ƙarfen kansa ya tsage. Sai ya koma tsayawa da ƙafafunsa. Tun daga nesa za ka ga ya sauke su yana jan ƙasa, takalmansa duk sun cinye ta dunduniya.

Wata ranar Alhamis ya shigo gida da rana tsaka, gaban rigarsa fari fat, yana ɗiga. Ashe a wata gangara kusa da kasuwa ya taka birki bai ci ba, ya tafi ya ture ƙwaryar wata Bafulatana mai tallar nono. Allah ya tsare, ta yi tsalle gefe, kuma da goyo a bayanta. Goyon nan shi ya tayar wa Inna hankali. Ta bari sai da ya cire rigar ya shiga wanka. Ta zare makullin mashin ɗin daga aljihun rigar, ta ƙulle a haɓar zaninta. Da ya fito yana lalube, ta ce, "Malam, makulli yana wurina. Ko a sa sabon birki, sabo na ce ba liƙe ba, ko kuma ka gama hawan mashin." Ni ina tsakar gida, na ce Inna ta yi daidai. Ya juyo kaina ya ce wa ya sa bakina. Na ce ɗan mutane da ya kusa takewa.

Ya yi kwanaki ba ya yi mana magana. Masallaci da ƙafa, kasuwa da ƙafa, ga ciwon gwiwa. Har aka yi jana'izar wani abokin aikinsa a can gefen gari bai samu zuwa ba, don ya ƙi in kai shi a nawa mashin ɗin. Washegari da safe ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna ya ce, "Na ji. Sabo za a sa." Ya buɗe kwaɗon da hannunsa, ya nuna mini wani bokitin fenti can ƙurya ya ce in ɗauko. Na yi murna har da 'yar dariya. Na ce a raina yau dai ranar babbar buƙata ta zo.

Muka tura mashin ɗin har Kpakungu, ni da turi shi da bokiti. Oga ya ga bokiti ya fara zolaya, wai ashe zai rayu ya ga dukiyar Malam. Baba ya naɗe hannun riga, ya zura hannu cikin man nan ya zaro takalmin farko, yana ƙyalli. Sai na ga dariyar Oga ta ɗauke. Ya karɓa, ya sa babban yatsa ya danna fatar. Ta saɓule daga jikin ƙarfen kamar ɓawon dafaffen dankali. Ya ɗauki na biyu, haka. Na gaba da na baya, duka haka. Ya ce a hankali, "Malam, birki ba ya son mai. Ko ɗigo ɗaya ya taɓa shi ba zai kama ba. Wannan kuma ya sha ya ƙoshi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara da shekaru muna cin tuwo da warin baƙin mai, muna tura ƙarfe a rana, ashe abin da ake tsaro ya daɗe da ruɓewa. Na buɗe baki zan fara, sai na ga Baba ya sake zura hannu cikin bokitin. Ya zaro robobin inji, sun kumbura sun yi laushi. Ya zaro wata waya, rigarta ta narke ta manne masa a yatsu. Ya jera su a ƙasa ɗaya bayan ɗaya yana kallo. Sai na rufe bakina.

Oga ya ce ƙarfen takalman lafiya lau yake, zai iya wanke shi da fetur ya liƙa masa wata fatar, kuma zai yi aiki. Baba ya ce a'a. Oga ya ce ai wannan liƙen ya fi na da, ƙarfen bai tsage ba. Ya ce a'a. Ni da na yi shekaru ina zagin liƙe, sai ga ni ina cewa, "Baba, a liƙa mana, ai Inna ba za ta ƙi ba." Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Sabo na ce wa uwarka." Ka ji mutum. Ranar da liƙe ya zama dole, ranar ya ga dama ya daina.

Na zaga masu sayar da kayan mashin na garin nan kaf. Wasu ko irin mashin ɗin ba su taɓa gani ba. Na aika Kaduna, na aika Kano, aka kawo na zamani bai shiga ba. Ita kanta Inna da ta ga yadda ya yi sanyi, ta kwance makullin ta ajiye masa a kan buzunsa, ta ce a liƙa ɗin ta yafe. Ya mayar mata.

Wata Juma'a gwiwar ta matsa masa. Na fito da mashina zan tafi masallaci, na tarar da shi a zaure ya yi shiri, yana tsaye. Bai ce in kai shi ba, ni ma ban ce zan kai shi ba. Na dai tsayar da mashin ɗin a gabansa. Ya daɗe yana kallon kujerar baya kafin ya ɗaga ƙafa, ya ma rasa inda zai sa hannunsa, daga ƙarshe ya kama kafaɗata. Muna tafe yana faɗa, wai na cika gudu, wai ban iya kauce wa rami ba. Da muka doshi mahaɗar hanya wata mota ta fito, sai na ji an take mini dunduniyar dama da ƙarfi, kamar ana taka birki. Na ce, "Baba, ƙafata ce fa." Ya ce ya sani. A mahaɗa ta gaba ya sake takawa, na rage gudu.